Babi na Huɗu: Ƙofar Shekara Biyu

A kowace jiha ta Amurka, duk wanda ke son lasisin cikakken ma'aikacin jinya sai ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawa guda ɗaya mai suna NCLEX-RN. Awa biyar ake ba shi, tambayoyin kuma ba sa kasa 85, ba sa wuce 150. In ya amsa daidai kwamfutar ta miƙo masa wadda ta fi wuya, in ya kuskure ta sassauta, har sai ta tabbatar ko ya kai mizani ko bai kai ba. A ɗakin jarrabawar za ka tarar da budurwa 'yar shekara 22 da ta yi shekara huɗu a jami'a, kusa da ita kuma ga uwar 'ya'ya uku da ta fito daga kwalejin al'umma ta garinsu da ƙaramin digirin nan na shekara biyu da Amurkawa ke taƙaita sunansa da haruffan ADN. Tambayoyinsu daga rumbu ɗaya suke fitowa, mizaninsu ɗaya ne, kuma in sun ci, lasisin da za a ba su iri ɗaya ne, babu inda aka rubuta ta wace ƙofa mutum ya shigo. Shekara 60 ke nan manyan wannan sana'a suna ja-in-ja kan ko ya dace hakan ya ci gaba. Matsayin wannan babi shi ne ƙofar shekara biyu ta cancanci a bar ta a buɗe, amma da sharaɗin a ɗauke ta matakin farko na tsani, a kuma gina sauran matakan yadda mai iyali da aikin dare zai iya hawa.

Kafin a san da wannan ƙofa, asibitoci ne ke horar da mafi yawan ma'aikatan jinya a Amurka. Yarinya takan shiga makarantar asibiti ta yi shekara uku tana kwana a ɗakin kwanan ɗalibai, da rana tana wanke majinyata tana gyara gadaje, da dare tana gadin ɗakin kwanciya, karatun aji kuwa sai abin da aiki ya rage. Asibitin ya samu ma'aikata a araha, ɗalibar ta samu takardar difloma da jami'o'i ba su cika lissafa ta a matsayin karatu ba. Makarantu da yawa ba sa karɓar matar aure, ba sa karɓar namiji, a wurare da dama kuma ba sa karɓar baƙar fata. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona asirin wannan tsari. Da soja suka kwashe ma'aikatan jinya, majalisar dokoki ta kafa rundunar ɗaliban jinya a 1943, gwamnati ta biya kuɗin makaranta, aka matse karatun zuwa wata 30, aka yaye fiye da mutum 120,000, kuma ba a ga aikinsu ya gaza ba. Bayan yaƙi, dokar Hill-Burton ta 1946 ta zuba kuɗi wajen gina asibitoci har cikin ƙauyuka, gadaje suka yawaita, masu kula da su suka yi ƙaranci. A 1947 kuma kwamitin da shugaba Truman ya naɗa kan ilimi mai zurfi ya ba da shawarar a yawaita kwalejojin shekara biyu a kusa da gidajen jama'a, shi ne ma ya sa sunan kwalejin al'umma ya bazu.

Wadda ta haɗa waɗannan abubuwa biyu, ƙarancin ma'aikata da sababbin kwalejoji, ita ce Mildred Montag, malamar jinya da ta yi digirinta na uku a kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia a birnin Niyok. A littafin da ya fito daga bincikenta a 1951 ta kawo hujja mai sauƙin fahimta: in aka cire awowin da ɗaliba ke ɓatawa tana maimaita aikin da ta riga ta iya don kawai asibiti na buƙatar hannu, abin da ya rage na ainihin koyo zai shiga cikin shekara biyu. A 1952 aka fara gwada tunanin nata a kwalejoji bakwai da makarantar asibiti ɗaya, cikinsu har da kwalejin al'umma ta gundumar Orange a jihar Niyok. Sakamakon da aka buga a 1959 ya nuna waɗanda aka yaye suna cin jarrabawar lasisi kamar kowa, kuma shugabanninsu a asibiti sun gamsu da aikinsu. Ya nuna wani abu kuma da ya fi wannan nauyi: mutanen da suka shigo ta sabuwar ƙofar ba irin waɗanda aka saba gani ba ne. Akwai matan aure, akwai waɗanda suka manyanta, akwai maza. Gidauniyar Kellogg ta sa kuɗi aka faɗaɗa shirin a jihohin Kalifoniya, Teksas, Florida da Niyok, daga nan ya game ƙasa. A yau shirye-shiryen ƙaramin digirin jinya sun kai kimanin dubu, makarantun asibiti na difloma ba su kai ɗari ba, kuma fiye da huɗu cikin kowane goma na sababbin masu rubuta jarrabawar lasisi daga ƙofar shekara biyu suke fitowa.

Dalilin da ya sa ƙofar ta karɓu bai canza ba tun zamanin Montag, wato kuɗi da nisa. A 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan gunduma yana wajen dala 4,000 a shekara, a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya haura dala 11,000, a jami'a mai zaman kanta kuwa ya wuce dala 40,000, ban da ci da kwana. Tallafin gwamnatin tarayya ga ɗalibai marasa ƙarfi, wanda ake kira Pell, mafi yawansa dala 7,395 ne a zangon 2024 zuwa 2025. Ma'ana, a kwalejin al'umma tallafin kan iya biyan kuɗin makaranta duka har a samu ragowar littattafai, a jami'a kuwa sai an haɗa da rance. A ɗaya gefen, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a 2023 matsakaicin albashin nas mai rajista ya kai kimanin dala 86,000 a shekara. Sana'o'in da mutum zai shiga da karatu mai araha haka ya fito da irin wannan albashi ba su da yawa. Sannan kwalejin tana garinsu, ba sai ya bar aikinsa ba, ba sai ta bar 'ya'yanta ba. Mataimakiyar jinya a gidan tsofaffi, wadda ta yi shekara goma tana juya majinyata tana canza musu zani a kan albashi kaɗan, ba ta da halin tattara kayanta ta tafi jami'a mai nisan kilomita 300. Zaɓinta ba tsakanin shekara biyu da shekara huɗu yake ba. Tsakanin shekara biyu ne da zama inda take.

Kada araha ta sa a ɗauka karatun wasa ne. Ranar zuwa asibiti, ɗalibai takwas ko goma kan hallara da malamarsu tun kafin ƙarfe bakwai na safe, don su saurari masu aikin dare suna miƙa rahoto. A ba ɗaliba majinyaci ɗaya ko biyu, ta shiga ta gabatar da kanta, ta duba abin hannunsa mai ɗauke da suna da ranar haihuwa, ta auna zafin jiki da hawan jini, ta ƙirga numfashi tana riƙe da wuyan hannunsa don kada ya lura ya canza yadda yake shaƙa, ta saurari ƙirji da ciki, ta yaye bargo ta duba dugadugai da ƙugu ko kwanciya ta fara cin fata. Kafin ta ba da ƙwaya ɗaya sai malama ta tsare ta a bakin ƙofa: mene ne wannan magani, me ya sa aka rubuta wa wannan mutum shi, wane sakamakon gwajin jini za ki duba kafin ki ba shi, in bugun zuciyarsa ya sauka ƙasa da 60 me za ki yi? In ta yi inda-inda, maganin ba zai bar hannunta ba. Da dare kuma ta zauna ta rubuta tsarin kulawa mai shafuka, gobe akwai lakca kan cututtukan ƙoda, jibi ɗakin gwaji inda mutum-mutumi mai numfashi da bugun zuciya zai shiga halin ha'ula'i a gabanta, malamai na kallo ta bayan gilashi. A haka za ta zagaya ɓangaren manya, tiyata, haihuwa, yara da masu taɓin hankali cikin zango huɗu.

Lissafin magani ma kaɗai ya isa misali. Likita ya rubuta miligiram 400, kwalbar da ke hannu kuma tana ɗauke da miligiram 250 a kowane mililita 5: mililita 8 za a zuƙa. An ce a ƙara wa majinyaci ruwa lita ɗaya cikin awa takwas: mililita 125 ke nan a kowace awa. Lissafi ne da ɗan sakandare zai iya, sai dai ɗigo ɗaya da ya goce daga wurinsa kan mai da kashi ɗaya ya zama goma, kuma a jikin jariri wannan ajali ne. Shi ya sa makarantu da yawa ba sa karɓar ƙasa da 90 cikin 100 a jarrabawar lissafin magani, wasu ma sai an cinye duka. A sauran darussan jinya makin tsira yakan kasance tsakanin 75 da 80, kuma a wurare da dama wanda ya faɗi kwas biyu an sallame shi. Wannan tsanani ne ya sa tazarar cin jarrabawar lasisi tsakanin 'yan kwaleji da 'yan jami'a ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba a 'yan shekarun nan, ko da yake 'yan jami'a ne a gaba.

Sukar farko da ake yi wa wannan hanya ita ce sunanta yaudara ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Shekara biyun na darussan jinya ne kawai. Kafin a karɓi mutum sai ya ci kwasa-kwasan share fage: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki kashi biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, sau da yawa da kimiyyar sinadarai, lissafi, Turanci da ilimin halayyar ɗan'adam. Waɗannan kan ci shekara guda, ga mai aiki kuma fiye da haka. Bayan su akwai jarrabawar shiga irin su TEAS, akwai kuma layi, domin kujeru ba su kai yawan masu nema ba, har wasu kwalejojin Kalifoniya sukan jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda suka cancanta. In aka haɗa duka, shekara uku ce, wani lokaci huɗu. Masu suka sai su ce, tunda haka ne me ya rage, ai gara a yi cikakken digiri gaba ɗaya. Amsa ita ce shekarun ba iri ɗaya ba ne. Kwas ɗin share fage ana iya ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya, da yamma ko ranar Asabar, a kan 'yan ɗaruruwan daloli, ba tare da barin aiki ba. Kuma matsalar kujeru ba ta kwaleji kaɗai ba ce: ƙungiyar kwalejojin jinya na jami'o'in Amurka da kanta tana ba da rahoton cewa kowace shekara ana mayar da dubun-dubatar takardun waɗanda suka cancanta saboda ƙarancin malamai da wuraren koyon aiki. Abin da wannan suka ta wajabta shi ne kwalejoji su faɗa wa masu nema gaskiyar tsawon tafiyar tun ranar farko, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ta wajabta toshe hanyar ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin maganar rai ce. A 2003 Linda Aiken da abokan aikinta na jami'ar Pennsylvania suka buga bincike a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, wanda ya duba majinyatan tiyata fiye da 230,000 a asibitoci 168 na jihar. Sun gano cewa duk lokacin da kason ma'aikatan jinya masu cikakken digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 a asibiti, yiwuwar majinyaci ya mutu cikin kwana 30 kan ragu da kimanin kashi 5. A 2014 aka buga makamancinsa a mujallar Lancet, daga asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, aka samu raguwar kashi 7. Ana iya cewa asibitin da ke tara masu digiri shi ne dama mai kuɗi da kayan aiki, amma masu binciken sun yi la'akari da girman asibiti da na'urorinsa da tsananin ciwon majinyata, sakamakon bai gushe ba, kuma an sake samun irinsa a wasu ƙasashe. Bai kamata mai goyon bayan kwalejin al'umma ya kawar da kai daga wannan ba. Aikin jinya na yau ya wuce bin umarnin likita. Nas ce ke tsaye a bakin gado da ƙarfe uku na dare, ita za ta lura numfashi ya ɗan ƙaru, fitsari ya ragu, dattijon da ke hira da yamma ya fara rikicewa, ta haɗa waɗannan ta gane guba ce ke shiga jini tun kafin na'ura ta yi ƙara. Duk karatun da zai kaifafa wannan ido yana da daraja.

Sai dai a duba da kyau abin da binciken ya auna. Ya ƙirga ma'aikatan jinya ne bisa mafi girman takardar da suke riƙe da ita a ranar da aka tambaye su, ba bisa ƙofar da suka fara shigowa ba. Wadda ta fara da ƙaramin digiri, ta yi aiki, ta koma ta cika, tana cikin lissafin masu digirin da ke rage mace-mace. A 2022 masu bincike na wannan jami'a ta Pennsylvania suka duba wannan tambaya kai tsaye, suka samu cewa amfanin yawan masu digiri a asibiti yana nan ko ta wace hanya suka same shi. Don haka hujjar ba ta ce a rufe ƙofa ba, cewa ta yi kada a tsaya a bakin ƙofa. Akwai kuma rabin hujjar da masu son rufewa ba su cika ambata ba. Aiken ɗin nan dai ce ta nuna a 2002 cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta yana ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 7, binciken Turai na 2014 ma ya maimaita wannan adadi. Ilimi yana ceton rai, yawan hannu ma yana ceton rai. Duk dokar da za ta ɗaga matakin karatu ta hanyar rage yawan masu shigowa, abin da ta bayar da dama za ta karɓe da hagu.

Ba hasashe ba ne, an gwada. A 1987 jihar Dakota ta Arewa ta zama ta farko da ta wajabta cikakken digiri ga duk sabon nas mai rajista. Jiha ce mai faɗi, mai ƙarancin jama'a, mai ƙananan asibitocin karkara. Babu jihar da ta bi sahunta, kuma a 2003 majalisarta ta soke dokar a daidai lokacin da ake kukan ƙarancin ma'aikata. Amurka na da ƙananan asibitocin karkara fiye da 1,300 waɗanda gadajensu ba su wuce 25 ba, ga gidajen tsofaffi da cibiyoyin wankin ƙoda da masu jinya a gida. Wanda ya bar ƙauye ya tafi jami'ar birni ba lalle ya dawo ba, amma matar da ta yi karatu a kwalejin gundumarsu, mijinta na noma a nan, 'ya'yanta na makaranta a nan, a nan za ta yi aiki har ta yi ritaya. Jihar Niyok ta ɗauki wata hanya dabam. A Disamban 2017 gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu kan dokar da ta bar mutum ya shiga aiki da ƙaramin digiri, amma ta ba shi shekara goma daga ranar samun lasisi ya cika digirinsa, ta kuma yafe wa waɗanda suka riga suka shiga aiki ko makaranta. Dakota ta kulle ƙofa, ta dawo ta buɗe da hannunta. Niyok ta bar ƙofa a buɗe ta kafa tsani a bayanta, kuma wannan ne ya yi daidai da ɓangarorin hujjar guda biyu.

Suka ta uku ta shafi martabar sana'a da makomar mai ita. Tun 1965 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta fitar da matsayi cewa cikakken digiri ne ya kamata ya zama mafi ƙarancin shaidar ƙwararren nas. Masu wannan ra'ayi suna nuna cewa masu haɗa magani da masu gashin ƙashi duk sun ɗaga karatunsu zuwa matakin digiri na uku, ta yaya nas za ta zauna da su a teburi ɗaya a saurare ta? Suna kuma nuna rufin da ke kan mai ƙaramin digiri: manyan asibitocin koyarwa a birane da yawa sun fi son masu cikakken digiri, rundunonin soja na dindindin ba sa ɗaukar nas sai da shi, shugabancin ɗaki a asibitocin da ke riƙe da lambar yabo ta Magnet sai da shi, haka ma karatun zama nas mai duba marasa lafiya da rubuta magani ko mai sa barcin tiyata, ta kansa ake bi. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda zai shiga ya kamata ya sani. Amma a duba ta inda ƙarin masu digirin ya fito. A 2010 cibiyar nazarin harkokin lafiya ta Amurka ta sa burin kashi 80 cikin 100 na ma'aikatan jinya su zama masu digiri kafin 2020. Ba a cimma ba, amma ƙididdigar 2022 ta nuna an haura kashi 70, alhali kimanin rabi ne kawai suka fara aiki da digirin. Tazarar da ke tsakani mutane ne da suka shigo ta ƙaramar ƙofa suka hau. A nan ne tarihi ya saɓa wa Montag, domin ita ta tsara ƙaramin digirin ne a matsayin karatu mai cin gashin kansa, na ma'aikaciyar da za ta yi aiki ƙarƙashin mai digiri, ba matakin wucewa ba. Asibitoci ba su cika raba aikin haka ba, ɗalibai kuma suka mai da shi tsani da ƙafafunsu.

Inda gyara yake, ke nan, shi ne a jikin tsanin. Nas da ke aikin awa 12 sau uku a mako, ga yara, ga bashi, ba wa'azi take buƙata ba kan amfanin ilimi. Tana buƙatar jami'ar da za ta karɓi dukkan kwasa-kwasan da ta ci a kwaleji ba tare da an ce ta maimaita ba, da asibitin da zai biya wani kaso na kuɗin ya kuma daidaita mata jadawalin aiki, da ƙarin albashi na gaske in ta gama, domin a wurare da yawa bambancin da ke tsakanin takardun biyu a awa ɗaya bai taka kara ya karya ba. Jihar Oregon ta nuna ana iyawa: kwalejojin al'umma da jami'ar kiwon lafiya ta jihar suka haɗu suka tsara manhaja guda, ɗalibi ya fara a garinsu, ya samu ƙaramin digiri da lasisi, ya zarce shekarar ƙarshe ba tare da ya sake neman shiga daga farko ba. A wasu jihohin ana barin ɗalibi ya yi rajista a kwaleji da jami'a lokaci guda. Karatun cikon, wanda galibi ake yi ta intanet cikin shekara ɗaya zuwa biyu, shi ma sai an sa masa ido. In ya zama tarin rubuce-rubucen da ake yi don a samu takarda kawai, ba zai kaifafa idon kowa a bakin gado ba. Ya kamata ya koyar da abin da shekara biyu ba ta da wurinsa: karanta bincike da tantance shi, lafiyar al'umma, jagorancin ayari, da gano inda tsarin asibiti ke jefa majinyaci cikin haɗari.

Akwai gargaɗi ga mai niyyar shiga, musamman 'yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka, irin Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya da ke unguwar Bronx a birnin Niyok, inda kwalejojin al'umma na Hostos da Bronx duk ke koyar da jinya. Ba kowace makaranta mai tallan shekara biyu ce kwalejin al'umma ba. Akwai makarantun 'yan kasuwa da ke ba da takarda mai suna iri ɗaya a kan dubun-dubatar daloli. Kafin a biya ko sisi a tabbatar hukumar jinya ta jihar ta amince da shirin, a duba ko hukumar tantancewa irin ACEN ta tantance shi, domin jami'o'i da yawa ba sa karɓar wanda ya fito daga shirin da ba a tantance ba, a kuma nemi alƙaluman cin jarrabawar lasisi, waɗanda hukumomin jihohi ke bugawa. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo cinikin takardun jinya na jabu fiye da 7,600 daga makarantu uku a Florida, waɗanda suka saya kuma da dama sun rasa kuɗi da lasisi gaba ɗaya. Wanda ke gida yana tunanin zuwa da bizar ɗalibi shi ma ya sani arahar da aka ambata ta ɗan ƙasa ce da mai takardar zama: baƙo ba ya samun tallafin Pell, kuma kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan gunduma.

In aka tattara, rigimar shekara 60 ta ginu ne a kan tambayar da ba ta dace ba, wato wace ƙofa ce ta gaskiya. Majinyaci ba ya tambayar wannan. Abin da ya dame shi biyu ne: in ya danna ƙararrawa akwai wanda zai zo, kuma wanda ya zo ya san abin da yake gani. Kwalejin al'umma ce ke amsa buƙatar farko a garuruwan da jami'a ba ta kai ba, da mutanen da jami'a ba ta taɓa nema ba. Buƙata ta biyu kuwa ba ta ƙarewa ranar yaye ɗalibai, ko na shekara biyu ko na huɗu. Uwar 'ya'ya ukun nan da ta ci jarrabawa ta riga ta nuna tana iya karatu cikin gajiya da ƙarancin barci da kuɗi, abin da ba kowane ɗan jami'a aka taɓa gwada shi da shi ba. Hakkin da ke kanta shi ne kada ta ɗauki lasisi a matsayin ƙarshen neman sani. Hakkin da ke kan jiha da jami'a da asibiti kuwa ya fi nata girma: su tabbatar mataki na gaba yana nan, kusa, a farashin da albashinta zai ɗauka, kuma in ta taka shi ba zai karye da ita ba.